Ranin da Muka Kai wa Kulu 'Ya'yanmu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni mahaifinku kuma ya karɓi abinsa ina da rai. Ban yi niyyar rubuta wannan babin ba. A wurin zaman makokinsa ne na ji wata daga cikin danginmu, wadda ko haihuwarta ba a yi ba lokacin da abin ya faru, tana gaya wa matan da ke kusa da ita wai asiri Kulu ta yi ta raba ni da ɗana. Na ga wasunku sun ji, sun sunkuyar da kai. Ban ce komai ba, don ba wurin magana ba ne. Amma Kulu ta daɗe da kwanta dama, ba ta bar ɗa ko jika da zai tsaya mata ba, kuma cikin matan da suka ga ranin nan da idonsu ni kaɗai na rage. Karatuna na ajin manya ne, wanda na shiga bayan na gama haihuwa, saboda haka ku yi haƙuri da rubutun. Sunan mahaifinku ba zan rubuta ba. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba yana raye.

A lokacin muna ƙauyenmu na asali kusa da Taloka, ba nisa da fadamar gulbin Rima. Damina ta yi gardama a shekarar, gero bai kai rabin rumbu ba, sai kowa ya sa ransa ga albasa, don ita za a kai kasuwar Goronyo a samo hatsin da zai kai mu wata damina. An gama dashe ke nan dogarai suka iso da saƙon cewa Nasara na son maza majiya ƙarfi, za a kai su haƙar kuza can ƙasar duwatsu. Aka tafi da mijina, kakanku Garba, da kusan duk sa'o'insa. Mazan da suka rage tsofaffi ne da marasa lafiya. Ita kuwa albasa ba ta san an tafi da kowa ba, in ta rasa ruwa sai ta kwanta. Dole mata suka fita garka, wato lambun rani, har da waɗanda ba su taɓa taka fadama ba tun da aka kawo su gidan miji. Aikin ban ruwa ne tun daga asuba har rana ta yi sanyi. Ana jan ruwa da jigo, wato dogon icce mai guga a ƙarshensa, daga ƙananan rijiyoyi, rijiyoyin kuwa ko'ina suke cikin fadama, ba su da baki, ba su da murfi, ciyawa ta rufe gefensu.

Mahaifinku bai daɗe da yaye ba, yana tafiya yana faɗuwa, kuma ba abin da yake so kamar ruwa. Bisa al'ada ba nawa ba ne, na Iya ne, uwar mijina. A ɗakinta yake kwana, ita ke goya shi, ni kuwa ko kallonsa ba na yi in da mutane. To amma Iya ita ce ta san jigo a gidanmu, mace ce doguwa mai ƙashi, tun tana yarinya take bin ubanta garka. In ta zauna reno, albasa ta mutu. Makarantar allo ta liman ba ta karɓar yaro sai ya yi wayo. Ta Nasara tana can nesa, ita ma sai wanda hannunsa ya zagaya kai ya taɓa kunne, kuma ba mai kai ɗansa da son ransa. 'Yan matan da suka saba reno su ma an ba su ƙorai suna ɗibar ruwa. Ƙanana ba su da wurin zuwa. Abin da muka yi, ba na jin daɗin faɗarsa amma haka aka yi: kowace ta kafa turke a bakin garkarta, ta ɗaure ƙafar ɗanta da tsumma, ta sa masa ɗan ruwa a ƙoƙo. Wata rana ɗiyar maƙwabciyata Luba ta kwance tsummanta ta faɗa rijiya. Allah ya sa ruwan ya ja baya, aka cire ta da rai, tana aman laka.

Washegari ina ban ruwa sai ga Kulu ta biyo ta gefen garkarmu da ɗaurin kaba a ka. Ta tsaya tana kallon mahaifinku, ya zagaya turke har tsumman ya naɗe, ya zauna a rana yana cin ƙasa.

"Dije, wanga ɗan akuya na wa na?"

"Na Iya na," na ce, ban ɗaga kai ba.

"Ku kwance shi. Ku kawo min ƙananan duka gindin kaiwa in zauna da su. Ni ba ni da garka, ba ni da goyo."

Sai in gaya muku ko wace ce Kulu. A lokacin ba tsohuwa ba ce, ba ta fi Iya shekaru ba. Ta yi aure ta haihu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma duk wanda ta haifa sai ya koma kafin ya yi wayo. Irin wannan mace ake ce wa mai wabi. Mijinta ya gaji ya sake ta, ta dawo gidan wanta tana saƙar tabarmi da faifai. Ba a zaginta, ana gaisawa da ita, ana sayen tabarminta. Sai dai in ta shigo gidan suna, mai jego kan gyara zane ta rufe fuskar jariri, kuma ba wadda ke miƙa mata ɗa ta riƙa mata ko na ɗan lokaci. Cewa ake yi abin a hannunta yake da bayanta. Ita ma ta san haka, kuma ina jin ta yarda. In yaro ya rugo wajenta sai ta ɗaga hannuwanta sama kamar mai ɗauke da wuta.

Mata suka yi ta muhawara a bakin rijiyar gari. Matar liman ta ce mijinta ya ce camfi ne, rai da ajali na Allah ne. Luba ta ce:

"Gaskiya Malam ya faɗi. Amma Malam bai taɓa naƙuda ba."

Aka yi dariya, amma ba wadda ta manta da lakar da ɗiyar Luba ta amayar. A ƙarshe aka yarda, da sharaɗi, aka kuma wakilta Iya ta je ta faɗa mata. Na bi ta, na tsaya a bayanta.

"Kulu, mun amince. Amma ba ki goya su, ba ki ba su abinci da hannunki, ba ki taɓa su. Ido da baki kaɗai."

"Na jiya, Iya. Ko ba ku faɗi ba, ni ma tsoron hannun nan nika ji."

"To mi za mu ba ki?"

"Mi gare ku? Kowa ta zo da abin da ɗanta ka ci. In an cire albasa ku tuna da ni."

Kaiwa ita ce itacen da wasu ke kira kanya. Wannan babba ce, tana kan ɗan tudu a bakin fadama, nesa da rijiyoyi, inuwarta ba ta yankewa ko da rani. Ranar farko muka kai su muna waiwaye. Ni a raina na ce ba za a kai azahar ba za a ji kuka ya cika fadama, domin wa ya taɓa ganin an yi renon yara masu yawa haka ba hannu? Na ga masu reno da yawa a rayuwata, na kuma ga makarantun ƙananan yara na zamanin nan da ake kai 'ya'yanku, masu kujeru da hotuna a bango. Ban raina su ba. Amma abin da Kulu ta yi a gindin kaiwar nan ban sake ganin irinsa ba.

Da farko ta zagaye inuwar da toka, ta ce wannan shi ne gida, wanda ya tsallake ya shiga daji. Sannan ta haɗa kowane ƙarami da wani wanda ya ɗan girme shi, ta ce ga ƙanenka na yau. Shi zai ba shi fura, shi zai share masa hanci, in ya ɓata jikinsa shi zai wanke shi, ita tana daga gefe tana faɗa masa yadda zai yi. Yaran da a gida ko ƙoƙo ba a yarda su ɗauka ba, sai ga su suna hura kunu suna ɗanɗanawa kafin su ba na ƙasa da su. Tana da wani dogon karan dawa, ba ta taɓa dukan kowa da shi ba. In yaro ya fashe da kuka yana neman uwarsa, sai ta miƙa masa ƙarshen karan ya riƙe, ita ta riƙe ɗaya ƙarshen, ta riƙa jansa a hankali gaba da baya tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, tana kallon cikin idonsa. Na gani da idona yaro ya yi barci a zaune da kara a hannunsa. Mahaifinku ya fi kowa son karan nan. Bai iya faɗin sunanta ba, "Kuu" yake ce mata.

Ashe kuma tana da karatu, ba mu sani ba. Tun tana yarinya ta bi tsofaffin matan da ke zuwa Wurno ɗaukar karatu wurin malamai mata, ta riƙe abin da ta ji, ba wanda ya taɓa tambayarta. Da karan nan take zana baƙaƙe a kan rairayi, ba, sin, mim, su kuma su bi da yatsa. Tana koya musu ƙirga da ƙwallayen kaiwa, da sunayen tsuntsayen da ke sauka fadama, da yadda ake gaida babba. Wata rana da hantsi iska ta juyo daga wajen tudu, sai muka ji wani sauti siriri kamar na zuma a cikin kogo. Muka saurara. Fatiha ce, daga bakin yaran da wasunsu ba su gama iya cewa "ruwa" ba. Jigo ya tsaya a garka bayan garka. Iya ta saki igiya, guga ya koma rijiya, ba ta ko kula ba.

"La'ilaha illallahu," ta ce. "Ɗiyanmu na?"

Ba a jima ba ɗiyar Luba ta fara gyara wa uwarta karatun salla. Luba ta zo tana ba mu labari, tana cewa ita da ta ciro ta daga laka yau ita ake ce wa ba haka ake faɗi ba.

Akwai kuma wani wasa da take yi da su kullum, wanda mu muka ɗauka shiririta ce. Ana cikin zama sai ta ɗaga murya ta ce, "Kura ta zaka!", wato kura ta zo. Nan take kowa ya kama ƙanensa na ranar, su ruga su rungume gindin kaiwa, ƙanana a ciki, manya su kewaye su ta waje, a rufe ido, ba mai motsi sai ta ce kura ta wuce. Sai su watse suna ƙyalƙyala dariya.

Albasa ta fara yin kai lokacin da abin ya faru. Akwai burtali da ya ratsa ta bayan tudun, ta nan Fulani ke gangaro da shanu su sha ruwa a gulbi, kuma kullum lafiya suke wucewa. Ran nan da azahar wata babbar mota ta masu aikin hanya ta biyo ta sama ta yi ƙara. Shanun ba su taɓa jin irin wannan ba. Suka firgita, suka bar burtali, suka yo kan tudu gaba ɗaya. Mu daga garka ƙasa muka ji tana rawa, sannan muka ga ƙahonni, sannan muka ji muryar Kulu ta keta komai: "Kura ta zaka!" Na yar da ƙwarya na ruga. Ban san yadda na tsallake rijiyoyin nan ba. Kafin in isa garken ya riga ya rufe kaiwa, ba abin da nake gani sai bayan shanu da ƙura.

Da suka wuce, abin da na fara gani shi ne yaran. Suna manne da gindin itacen kamar an ɗaure su, idanu a rufe, ƙanana a ciki, manya a waje. Shanun sun rabu biyu sun kewaye itacen, sun tattake tabarmi da ƙorai, tokar nan ko alamarta babu, amma ko ɗaya cikin yaran ba a taɓa ba. Ko kuka ba mai yi. Jira suke a ce musu kura ta wuce. Sai can gefe, a fili, na ga Kulu a durƙushe, goshinta a ƙasa kamar mai sujada. Zanenta ya yage, ga sawun kofato a gadon bayanta, hannunta na hagu ya juya yadda hannu ba ya juyawa. Daga ƙarƙashinta wata 'yar ƙafa ta leƙo. Daga baya yaran suka ba da labari: mahaifinku ya fizge daga hannun mai riƙonsa, ya fita yana nuna shanu yana dariya. Kulu ta yar da kara ta bi shi.

Iya ta iso ta janye shi. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Kulu ta ɗago kai, bakinta duk jini da ƙasa. Ta dubi itacen ta ce da ƙyar, "Kura ta wuce." Sai a lokacin yaran suka ɓarke da kuka. Sannan ta dubi Iya.

"Na taɓa shi, Iya. Ku gafarce ni. Ban samu dabara ba."

Ba wadda ta amsa mata. Ina so ku san wannan, don kada ku ɗauka mutanen da mala'iku ne. Matar da ta shimfiɗa bayanta shanu suka taka, muka tsaya a kanta ba mai cewa sannu, kowa na kallon yaron da ta taɓa. Makiyayin shanun ne, wani dattijo, ya zo yana salati yana ba da haƙuri, shi ya taimaka aka kai ta wurin maɗori.

Kafin magariba jikin mahaifinku ya yi zafi. Washegari masassara ta rufe shi. Iya ta karɓo rubutu wurin liman, ta yi masa turare, ta dafa saiwoyi ta yi masa wanka. Ya ƙi kunu, ya ƙi fura, ruwa ma sai an ɗura masa ya dawo da shi. Idanunsa suka faɗa. Ba ya kuka sosai, sai dai ya riƙa buɗe hannu yana rufewa yana cewa "Kuu, Kuu." Mata suka kwashe 'ya'yansu, turaka suka koma bakin garka. Masu zuwa dubiya kan tsaya a ƙofar ɗakin Iya su ce Allah ya sawwaƙe, su fita suna magana ƙasa-ƙasa. Muka ji wan Kulu ya ce ba zai iya da bakin mutane ba, in yaron ya cika zai kai ta wurin danginsu na uwa a Kwargaba, ta ƙarasa rayuwarta can. Gari duka jira yake a ga ko yaron zai mutu.

Ni kuwa ba ni da ikon ko zama kusa da shi. Ina daka a tsakar gida ina jin muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Ba ni da ilimin da zan ce camfi ne ko ba camfi ba ne, ni ma cikin tsoron na tashi. Abin da na sani shi ne ni na fara isa wurin, ni na ga sawun kofaton nan a bayanta, kuma na kasa haɗa abin da na gani da abin da ake faɗi. Ga yaro yana kiran mutum, an hana shi. Bayan 'yan kwanaki, da rana ta take, gida cike da 'yan dubiya, na ajiye taɓarya na shiga ɗakin Iya, na durƙusa, na ɗauke shi daga cinyarta. Ban taɓa yin haka ba tun da aka yaye shi. Bai fi nauyin kaza ba.

"Ina za ki da shi?"

"Wurin Kulu, Iya."

"Ke Dije! Ɗan fari? Gaban mutane? Ina kunyarki ta tahi?"

"Tana nan, Iya. Yaron na ba shi ci."

"Ita ta sa mai ciwon, ita za ki kai ma shi ta ƙarasa?"

Na gyara shi a kafaɗata. Ta miƙe tsaye, ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Ba ta daka mini tsawa ba, da ma ta yi.

"In kin hita ƙofar ga da shi, duk abin da ya same shi ke za ki gaya ma Garba da bakinki. Kuma kada ki maido min shi. Na ɗauke hannuna."

Na san abin da maganar ke nufi. Iya ba ta faɗin magana ta janye. Ni kuma ba zan riƙe ɗan fari a ɗakina a cikin gidanta ba, ba a yi. In na fita da shi, ko ya rayu ko bai rayu ba, ba zai sake kwana a gidan ubansa ba. Na ce, "Ki gafarce ni, Iya," na fita. Na ratsa gari da shi a kafaɗa, rana tsaka, mata na leƙe ta kan darni, wato dangar kara. Wasu suka biyo ni daga nesa, Luba na gabansu.

Na iske Kulu zaune a ƙofar ɗakinta, hannu cikin karan ɗori, fuska a kumbure. An riga an ɗaure mata 'yan kayanta a cikin tabarma an jingine. Da ta ga abin da nake ɗauke da shi sai ta ja da baya har ta bugi bango.

"A'a, Dije. Don Allah kada ki yi min haka."

"Ke yaka kira, Gwaggo."

"Na binne nawa duka, na haƙura. In wanga ya tahi a bayana, ba ni iya ɗauka. Ki tausaya min."

"In ya tahi, Allah ya ɗauke shi, kuma ni na kawo shi. Ga shaidu nan tsaye. Juya min bayanki."

Yaron ya ji muryarta, ya buɗe ido, ya miƙa hannu. Sai ta juya a hankali ta duƙa. Bayanta duk ya yi baƙi da kwanciyar jini, na rasa inda zan aza shi. Na aza shi. Tun da hannunta ɗaya ne, ni na ɗaura mata zanen, na cire majanyina na ƙara a kai na ƙulle. Shekara da shekaru ba a aza mata ɗa a baya ba, amma da ta miƙe sai ga ta tana jijjiga shi, jikin bai manta ba. Ya kwantar da kunci a tsakanin kafaɗunta. Ba a jima ba ya yi barci, barci na gaske, ba irin na kwanakin nan ba. Muna tsaye har muka ga zufa ta tsattsafo masa a wuya ta jiƙa zanen. Da ya farka Luba ta ruga gida ta kawo kunu. Ta miƙo mini ludayin, na ce ba ni ba. Kulu ta karɓa da hannun dama, ta miƙa ta kan kafaɗarta. Ya sha. Ya sake buɗe baki.

Ban ce muku mu'ujiza ba ce. Liman ya ce firgita ce ta kama yaron, da ya ga wadda ya saba da ita hankalinsa ya kwanta. Wataƙila haka ne, Allah shi ne masani. Ni dai na ga ɗan da ake jiran mutuwarsa yana lasar ludayi.

Da safe muka koma gindin kaiwa, Kulu da goyonta, aka sake zuba toka. Da farko ba kowa sai mu. Can sai ga Luba da ɗiyarta a gaba da jaririnta a hannu. Ba ta ajiye shi a tabarma ba, ta ɗora shi a cinyar Kulu.

"Riƙa min wanga. In ya yi miki fitsari kada ki kawo ƙara, ke kika biɗa."

Kafin rana ta take, an tuge turaka da yawa. Ba duka ba, akwai waɗanda har suka mutu ba su yarda ba. Ba a sake maganar sharaɗi ba, ba a kuma sake maganar Kwargaba ba. Albasa ta yi kyau a shekarar, kowace ta kai wa Kulu abin da ta iya. Rani bayan rani ana kai mata yara, har bayan da mazan da Allah ya nufa da dawowa suka dawo. Kakanku ya dawo da tari da rama. Iya ta gaya masa komai tun bai sha ruwa ba. Ya saurara, ya tashi ya tafi ya gaida Kulu. Iya ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Ba ta janye maganarta ba har ta rasu, amma na sha ganin ta dama fura mai kyau ta ba wata yarinya ta ce a kai gidan wan Kulu, ba ta faɗin ko ta wa ce. A can mahaifinku ya tashi. A wurinta ya fara karatu, ita ta kai shi makarantar allo da hannunta, ita yake kira Inna. Ni Yaya yake ce mini har ya bar duniya.

A yammacin ranar da aka koma gindin kaiwa, da muka tashi daga ban ruwa, kowace ta je ta ɗauki nata. Ni ma na bi su, ban san mi nake zato ba. Na tsaya a bakin toka har aka watse. Yana bayanta, ido ya washe, yana wasa da bakin majanyina. Ya gan ni, ya yi mini dariya, irin wadda yaro ke yi wa maƙwabciya mai kirki. Sannan ya juya ya cusa fuskarsa a wuyanta.

Kulu ta ga abin da na gani. Ta kai hannu ga ƙullin zanen.

"In kwance shi, Dije?"

"Bar shi, Gwaggo. Iska ta fara sanyi, ki rufa mai kai."

Na ɗauki ƙwaryata na bi hanyar gida.